A Bar Miji da Mata Su Je Damagaram Su Huta

Ya ku 'yan'uwa ƙaunatattu na ikilisiyoyin Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, iyayenmu dattawa da iyayenmu mata: Maganar da na kawo muku a wannan fitowa, na san wasu za su ji ta su yi dariya, wasu kuma su ɓata rai. Ga ta: ya kamata kowane magidanci a cikinmu, ko da sau ɗaya ne cikin shekara biyu ko uku, ya ɗauki matarsa, su biyu kaɗai, su ƙetare iyaka su je wani birni su yi kwana uku, ba don biki ba, ba don jana'iza ba, ba don taro ko sarin kaya ba. Birnin da nake ba da shawara kuwa shi ne Damagaram, wato Zinder, a Jamhuriyar Nijar, gama shi ne babban birnin ƙasar waje mafi kusa da mu.

Irin tafiyar da muka saba

Ba a rasa mu da tafiya ba. Masu aikin gwamnati da 'yan kasuwa da suka zo daga nesa, kowane Disamba sukan cika mota da yara da buhuna su nufi gida, wasu Filato, wasu kudancin Kaduna, wasu Adamawa, wasu har ƙetaren kogin Kwara. Can ma ba zama suke yi ba. Akwai taron dangi, akwai rikicin gona, akwai aure da za a ɗaura, akwai tsoho da za a kai asibiti. Uwargida tana bakin murhu daga ranar da aka sauka har ranar da za a juyo. Mu kuma da muke 'yan ƙasa, tafiyarmu ita ce ta'aziyya, da suna, da taron gunduma, da taron zumuntar mata, inda maza ke kwana a aji ɗaya, mata a wani. Ko ziyarar Urushalima, wadda hukumar alhazan Kirista da aka kafa da dokar 2007 take shiryawa, kujerunta kaɗan ne, galibi mutum ɗaya ne ke samu a gida, kuma daga wannan wuri ne sai wancan, mota tana jira.

Dukan waɗannan tafiye-tafiye masu kyau ne, kuma wajibi ne a yi su. Amma ku lura da abu guda da suka haɗa: a cikinsu duka miji da mata suna yi wa wasu hidima ne. Babu ko ɗaya da aka shirya domin su biyun. Sai ka ga mutane sun yi shekara ashirin da aure, sun haifi 'ya'ya, sun aurar, amma ba su taɓa cin abinci sau uku a jere su kaɗai ba.

Abin da muke asara

Dattawan da suke zaman sulhu sun fi kowa sanin abin da nake faɗa. Yawancin ƙarar da ake kawowa ba a kan wani babban zunubi take farawa ba. Takan fara ne daga ƙananan maganganu da ba a samu wurin faɗarsu ba: kuɗin makaranta da aka biya wa ɗan ƙane ba a yi shawara ba, kalmar da uwar miji ta faɗa aka yi shiru, ciwon da matar take ji tana ɓoyewa domin kada ta ƙara wa maigida nauyi. Gidajenmu kuwa ba su ba da damar irin wannan magana. Ɗaki biyu ne, yara shida, ga ɗan riƙo, ga baƙon da ya zo neman aiki. Da dare kowa ya gaji. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, amma su aƙalla suna zaune wuri ɗaya. Mu sai maganar ta taru shekara da shekaru, ta zama dutse, sa'an nan a kawo wa dattawa a ce su fasa.

Akwai kuma yaranmu. Mu tsiraru ne a wannan yanki, kuma kowa ya san yadda muke damuwa da waɗanda 'ya'yanmu za su aura. Yaron da bai taɓa ganin mahaifinsa ya zauna yana hira da mahaifiyarsa suna dariya ba, me za mu gaya masa game da daɗin auren mace ɗaya har mutuwa? Wa'azi ba ya kai abin da ido ya gani.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan batu ba. A Markus 6:31, sa'ad da jama'a suka matsa har almajirai ba su da zarafin cin abinci, Ubangiji da kansa ne ya janye su zuwa wani wuri domin su ɗan huta. A Maimaitawar Shari'a 24:5 an ɗauke wa sabon ango fita yaƙi da sauran aikin jama'a har shekara guda, domin ya zauna ya faranta wa matarsa rai. Idan an ba Isra'ilawa shekara, kwana uku ba su yi mana yawa ba.

Me ya sa sai an ƙetare iyaka?

Wani zai ce, to, ai ana iya zuwa Kano ko Dutse. Gaskiya ne, kuma wanda abin da ya samu ke nan, ya je, Allah ya sa albarka. Amma a Kano kana da ɗan'uwa a Sabon Gari wanda zai ji haushi idan ba ka sauka wurinsa ba, akwai saƙon da za a ba ka ka kai, akwai kayan shago da za ka ce bari in saya tun da na zo. Kafin ka ankara hutun ya zama aike. Da zarar ka ƙetare iyaka kuwa, waya takan yi shiru, babu wanda ya san kai dattijo ne ko sakatare, babu mai tare ka a hanya da matsala.

Akwai wani amfani da ya fi wannan. A gida maigida shi ne masanin waje, uwargida kuma masaniyar ciki, kowa da yankinsa. A baƙon gari kuwa dukansu biyu baƙi ne. Mutanen Nijar ba sa ƙirga kuɗi yadda muke yi. Sefa biyar ita ce dala, saboda haka idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, dala ɗari kuma sefa 500, jika ita ce sefa 1,000. Allunan hanya da takardun ofis da Faransanci suke. Nan za ka ji maigida, wanda a gida ba ya tambayar kowa, ya juya ya ce, "Maman yara, nawa ya ce?" ita kuma ta lissafa da yatsu ta faɗa masa. Wannan ƙaramin abu ne, amma a wasu gidaje an daɗe rabon da a nemi shawarar matar a kan wani abu na waje.

Damagaram ba baƙon wuri ba ne

Iyakar da ke bayan kasuwar Maigatari ba ta daɗe ba. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a takarda, sa'an nan tsakanin 1906 da 1908 jami'ansu suka bi daji suna kafa turaku. Kafin nan ƙasa ɗaya ce ta fatauci da auratayya, har da yaƙi. Sarakunan Gumel ma sun zauna a Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, kafin su dawo Gumel a ƙarni na 19. Har yau duk ranar Alhamis shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar suke cika kasuwar Maigatari. Wato muna cin arzikin wannan hanya kowane mako, amma da yawa cikinmu, musamman mata, ba su taɓa ganin inda ta nufa ba. Daga Maigatari zuwa Damagaram tafiyar yini ɗaya ce a mota, kuma Hausa ce harshen gari.

Birnin yana da abin gani. Tsohon garin, wanda ake kira Birni, yana cikin manyan duwatsu, kuma a nan fadar Sarkin Damagaram take. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka garin, ya kewaye shi da ganuwa, har aka riƙa ƙera igwa a zamaninsa. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Cazemajou a garin, a 1899 Faransawa suka dawo da ƙarfi suka ci shi, Sarki Amadu Kuran Daga kuma ya rasa ransa a wannan shekara. Daga baya Damagaram ce ta zama hedkwatar mulkin Faransawa a Nijar, har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Unguwar Zango kuwa, inda ayarin raƙuma daga Agadas da hamada suke sauka a dā, ta shahara da gidajen ƙasa masu zane a fuskarsu, irin ginin da a wurarenmu siminti ya kusa cinyewa. Akwai Kasuwar Dole, akwai dukawa masu aikin fata, akwai kilishin da kowa ya san sunansa. A wajen gari ta arewa akwai matatar man da aka buɗe a 2011, ta gabas kuma garin Mirya mai lambuna.

Ga mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, akwai wani abin tunawa. Wani yaro mai suna Dorugu, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Damagaram, an kama shi bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi a Barno, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan mishan, J. F. Schön, wanda ya koyi Hausa mai yawa daga bakinsa, ya kuma buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857. Labarin rayuwar Dorugu yana cikin littafin Magana Hausa na 1885. Ya dawo ƙasar Hausa, ya yi koyarwa a Kano, ya rasu a can a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, amma ɗan ƙasar Damagaram yana cikin waɗanda aka fara aikin da harshensu.

Yadda kwana ukun za su kasance

A nan ne mutanenmu sukan ɓata abin. Mun saba idan muka kashe kuɗin mota, sai mun ga mun cika kowace sa'a da wani abu, domin kada a ce kuɗin ya tafi a banza. Shawarata ita ce abu ɗaya tak a kowace rana. A tashi ranar Alhamis, lokacin da motoci suka fi yawa saboda kasuwa, a kwana Damagaram. Ranar Juma'a da sassafe, kafin rana ta yi zafi kuma kafin jama'a su taru domin salla, a zaga Birni a ƙafa, a ga fada, a nemi izinin dogarai kafin a shiga ko a ɗauki hoto. Daga nan a koma masauki. A ci abinci, a yi barcin rana, abin da uwargida mai yara ta manta yadda yake. Da yamma a fito a sha iska, a sayi tsire ko kilishi, a zauna.

Ranar Asabar a shiga Zango a kalli gidaje, a ratsa kasuwa. Maigida ya saya wa matarsa takalmi ko jakar fata, abin da za ta riƙe ta ce a Damagaram aka saya mini. Amma kada a mai da tafiyar ta sari. Da zarar an fara lissafin ribar da za a samu idan an kai kaya gida, hutu ya ƙare, sai tunanin kwastan. Ranar Lahadi a je sujada, a gaisa da 'yan'uwa, a huta. Litinin a juyo.

Wani zai ce, to, sauran sa'o'in fa, me za a yi da su? Ai su ne dalilin tafiyar. Ranar farko mai yiwuwa ba za a sami abin faɗa ba, gama an daɗe ba a saba ba. Za a yi ta maganar yara da ta akuya da ta wanda aka bar wa mabuɗi. Ba laifi. Sai a rana ta biyu ko ta uku ne maganar da take ƙasan zuciya takan fito da kanta, ba tare da an yi faɗa ba, domin babu mai saurare a bayan labule, babu kuma inda za a ruga. Sannu ba ta hana zuwa. Shi ya sa kwana ɗaya ba ya isa, shi ya sa kuma ba a cika ranakun da yawo.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, an gama girbin gero da wake, an sayar da riɗi da zoɓo, gari kuma da sanyi. A guji bazara. Damagaram ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwa, kuma a watannin zafi abin yakan tsananta. Ko a lokacin sanyi, kafin a biya kuɗin ɗaki a tambaya ko akwai ruwa.

'Yan'uwanmu na can

Mishan na SIM, wadda ECWA ta fito daga aikinta, a Damagaram ta fara kafa tasharta a ƙasar Nijar, a 1924. Daga nan aikin ya bazu zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, da asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, wanda mutanenmu da yawa suka san sunansa. Ikilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki suna sujada da Hausa, kuma tsiraru ne fiye da mu. Sun sha wuya. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar da aka yi a kan zanen ɓatanci na wata mujallar Faransa ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙone majami'u da gidaje da shagunan Kirista, washegari kuma abin ya kai Yamai. Mutum goma suka mutu a biranen biyu, majami'u da dama suka ƙone. An kuma ba da shaidar maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu. Da yawa daga majami'un an sake gina su.

Na kawo wannan ne domin abu biyu. Na ɗaya, wanda ya zauna a sujada tare da waɗannan mutane zai dawo Gagarawa ko Sule Tankarkar da wata irin ƙarfin zuciya, gama zai ga ba mu kaɗai ba ne. Zumunta a ƙafa take. Na biyu, kada mu zama musu kaya. Al'adarmu ce idan mun isa baƙon gari mu nemi gidan fasto mu sauke jaka. A wannan tafiya kada a yi haka. Faston can yana da nasa nauyi, matarsa kuma ita ce za ta shiga ɗakin girki domin taku matar ta huta, wannan kuwa ba adalci ba ne. A karɓi wasiƙar gabatarwa daga faston gida, a nemi shawararsu a kan masauki mai tsabta mai sauƙin kuɗi, a biya da aljihu. A ba da baiko ranar Lahadi. Idan an ce maigida ya yi gaisuwa, ya gaisa a taƙaice ya zauna, kada ya karɓi wa'azi.

Amsa ga masu ƙin maganar

Na farko, kuɗi. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, kuɗin mota ya hau, sefa ta yi tsada, abin da a dā yake araha a Nijar yanzu ba haka yake ba. Akwai gidajen da abincin gobe ma sai an yi addu'a, kuma ba da su nake ba. Wanda ake bin sa kuɗin makaranta ko na asibiti ya fara biya. Kada kowa ya ci bashi domin hutu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Nawa muke kashewa a anko a shekara? Nawa ke tafiya a gudummawar bukukuwan da ko ango bai san mun zo ba? Nawa ne kuɗin wayar da aka canja alhali tsohuwar tana aiki? Abin da tafiyar take bukata uku ne: mota, da ɗaki, da abinci. Manomi ya ware buhu ɗaya na riɗi tun a gona. Ma'aikaci ya shiga adashi na wata goma da wannan niyya. Abin da ba a yi a shekara ɗaya ba, a yi shi a uku.

Na biyu, tsaro da takardu. Iyakar nan ta sha rufewa. An rufe ta a Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe, Maigatari tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS, ta kuma fitar da sabuwar doka mai tsanantawa a kan shigar baƙi da zamansu. Saboda haka zamanin da mutum zai ce ai ni ɗan iyaka ne, ya bi ta bayan gari a kan babur, ya wuce ga mai tafiya da iyali. A nemi fasfo, a nemi katin rigakafin shawara, a je ofishin shige da fice na Maigatari a tambayi abin da ake bukata a makon da za a tashi, a bi ta ƙofa a buga hatimi. A yi tafiya da rana. Kada a ɗauki hoton soja ko jandarma ko bariki. Kada a shiga gardamar siyasar ƙasarsu ko ta addini a tasha ko wurin mai shayi. Kada a karɓi saƙon da ba a ga cikinsa ba. Idan an ji labarin tashin hankali, a ɗaga tafiyar, Damagaram ba za ta gudu ba. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, bakin mutane. Za a ce wane ya zama Bature, ko kuwa matarsa ta shanye shi. Wannan ita ce hujjar da ta fi hana mu, ko da yake ba ita muke faɗa a fili ba. Abin mamaki, mutumin da ya bar matarsa wata uku ya tafi cin rani ba mai cewa komai, amma wanda ya fita da ita kwana uku shi ne abin zance. Idan dattijo ɗaya mai furfura ya fara, ya dawo ya tsaya a gaban jama'a ya ce mun je mun dawo lafiya, bakin zai mutu, matasa kuma za su samu hanya.

Na huɗu, yara da dabbobi da shago. Wannan ai aikin zumunta ne. Muna iya kwana a gidan makoki mako guda, muna iya dafa wa mai jego abinci har ta yi arba'in. Gida biyu su yi yarjejeniya: bana ku tafi mu riƙe muku gida, baɗi mu tafi ku riƙe mana. Zumuntar mata tana iya tsara wannan cikin zama ɗaya.

Roƙo ga dattawa

Iyayenmu dattawa, akwai gida ɗaya a kowace ikilisiya da ya fi kowane bukatar wannan, shi ne gidan fasto ko mai bishara. Ƙofarsa ba ta rufuwa. Matarsa ita ce mai masaukin kowane baƙo, ita ce shugabar mata ko ba a zaɓe ta ba, ba ta da albashi, ba ta kuma da wanda za ta kai wa kuka, gama mai sauraron kukan kowa shi ne mijinta. Idan an ba shi hutun shekara, yakan ƙare ne a gona ko a garinsu. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa 9:5, ya nuna cewa sauran manzanni, har da Bitrus, da matansu suke tafiya, kuma ya ɗauki wannan a matsayin hakki.

Ina roƙo a sa wannan cikin kasafin shekara, kamar yadda ake sa gyaran rufi. Ikilisiyar da ba za ta iya ita kaɗai ba, ta haɗa kai da na kusa, a riƙa yi bi da bi. A ba su kuɗin a hannu tare da sharaɗi cewa na tafiya ne su biyu, ba na taki ba, ba na kuɗin makaranta ba, gama idan ba a faɗa ba, can zai tafi. Dattijo ɗaya ya ɗauki wa'azin wannan Lahadi. Kada a kira shi a waya sai in rai ne ya fita. Rumbun da ake ɗiba kullum ba a zubawa, kowa ya san ƙarshensa, kuma mun ga masu hidima da suka gaji har suka bar aiki, ko suka ci gaba da shi da ɗacin rai.

Ga magidanta kuma, kada ku jira sai kun yi ritaya ko sai yara sun gama makaranta. Ƙafar da za ta zaga Birni yau, ba lalle ta iya ba nan da shekara goma, ba kuwa wanda ya san wanda zai riga wani. Ku zauna da matanku a wannan mako ku sa wata, ku fara ajiya, ku fara neman takardu. Ku kuma iyayenmu mata, idan maigida ya kawo maganar, kada ku ce a bar kuɗin a sayi tukunya. Ku ce to.

Allah ya kiyaye fitarku da shigarku, ya albarkaci gidajenmu, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. Amin.